Ƙas-ƙas a injin kurkura: Yadda ake gane ƙarar da za ta jira gobe da wadda ke kashe mota

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ta Janguza da Rimin Gado ya san ƙananan motocin ɗaukar kayan nan masu guntun hanci, galibinsu farare, waɗanda ake kira kurkura. Su ne ke kwaso masara da dawa da waken suya daga ƙauyukan Getso, Kutama da Lakwaya, su ne ke fito da kayan lambu daga wuraren noman rani na kewayen madatsar Guzu-Guzu a ƙaramar hukumar Kabo, su ne kuma ke komawa da taki da siminti da kwanon rufi. Inda babbar mota ba za ta shiga ba, kuma babur ba zai iya ɗauka ba, nan ne kurkura take cin abincinta.

Da yawa daga masu tuƙa su matasa ne, kuma ba kowa ne mai motar ba. Wani kuɗin balas yake kai wa maigida, wani biya yake yi sannu a hankali har ta zama tasa. Ga irin wannan direba, ranar da ya tayar da mota da asuba ya ji wata sabuwar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, tana tasowa daga ƙarƙashin kujerarsa, rana ce ta yanke hukunci. Idan ya ajiye motar ya rasa aikin ranar, ga kayan mutane na jira. Idan ya fita da ita, wataƙila ya dawo lafiya, wataƙila kuma a janyo ta da igiya.

Abin da ke raba waɗannan biyun shi ne sanin wace ƙara ce. Akwai wadda gyaranta bai wuce aikin awa ɗaya da sifana ba, akwai wadda ba ma ciwo ba ce, akwai kuma wadda ke nufin saura kilomita kaɗan injin ya buga.

Wace irin mota ce, kuma don wane aiki aka ƙera ta?

Mafi yawan waɗannan motoci Daihatsu Hijet ne ko Suzuki Carry, kuma daga Japan suke fitowa bayan sun gama aiki a can. Hijet ta fara fita a 1960, Carry a 1961. Dukansu suna cikin rukunin ƙananan motoci da dokar Japan ta ware tun 1949, inda ta iyakance girman jiki da na inji domin mai motar ya samu sauƙin haraji. Tun 1990 girman injin ba ya wuce cc 660, tun 1998 kuma tsawon motar ba ya wuce mita 3.4. Injin mai silinda uku ne, yana kwance a ƙarƙashin kujera, shi ya sa direba yake jin motsinsa fiye da direban kowace irin mota.

Akwai wata lamba da ta fi waɗannan muhimmanci. A bayan da yawa daga cikinsu har yanzu ana ganin rubutun Japananci da 350kg a gefensa. Wannan shi ne iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Buhun masara cikakke yana kai kilo 100, wato buhu uku da rabi ke nan. Wanda ya taɓa ganin kurkura ta taso daga kasuwa a lokacin kaka ya san ba a tsayawa a nan.

Ƙaramin inji ba ya samun ƙarfi sai ya yi gudu. A kan kwalta, da gudun kilomita 80 a awa, injin irin wannan mota yana juyi wajen sau 4,000 a minti ɗaya, alhali baƙin man da ke cikinsa bai wuce kimanin lita 3 ba. A ɗora masa nauyin da ya ninka ƙa'ida, a haɗa da zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano, da ƙurar hunturu da ta hanyar burji. Inda babban inji zai daɗe yana haƙuri, wannan ba shi da rarar da zai yi haƙurin da ita.

Tambayoyi huɗu kafin a taɓa sifana

Kafin a kwance ko noti ɗaya, akwai abin da kunne da ido za su iya tantancewa.

Ta farko: da me ƙarar take tafiya? A tsayar da motar wuri ɗaya, a fitar da giya, a taka totur a hankali. Idan ƙarar ta ƙara sauri tare da injin, daga injin take. Idan ba a jin ta sai motar tana tafiya, kuma saurinta yana bin gudun taya, to injin ba shi da laifi. Tsakuwa ce ta maƙale a taya, ko birki, ko shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga ƙafafu.

Ta biyu: daga ina take fitowa? A ɗaga kujera, a ɗauki dogon sukundireba, a ɗora bakinsa a kan ƙarfe, a kara mariƙinsa a kunne. Ƙarfe yana kai sauti kamar yadda abin sauraron ƙirji na likita yake yi. A gwada murfin saman inji, a gwada gefensa, a gwada ƙasa wajen kaskon baƙin mai. Mai yin wannan ya naɗe hannun riga, ya nisanci fanbel da fanka.

Ta uku: yaushe take zuwa? Da sanyin safiya kaɗai, ko sai inji ya yi zafi, ko sai an yi lodi ana hawan tudu?

Ta huɗu: me ya biyo ta? Fitilar baƙin mai tana ƙiftawa? Allurar zafi ta hau? Ƙarfi ya ragu? Akwai warin hayaƙi a cikin mota?

Akwai kuma lissafi ɗaya da ke taimakawa. A cikin inji, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, yana juyi ɗaya ne duk lokacin da karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, ya yi biyu. Idan inji yana sulo da juyi 900 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 450, kimanin sau bakwai zuwa takwas a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka ƙarar bawul guda siririya ce, mai tsari kamar ta keken ɗinki, kuma daga sama take zuwa. Ƙarar ƙasan inji ta fi kauri da nauyi.

Ƙarar da ba ta gaggawa ba

Wadda aka fi yawan ji ita ce ta tafet. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai ɗan gibi da kamfani ya bari da gangan, wanda bai kai rabin milimita ba, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Da tafiya ta yi tafiya gibin yakan buɗe, sai ƙarfen ya riƙa marin bawul maimakon ya danna shi a hankali. Ƙarar tana bin totur, ba ruwanta da lodi, kuma sukundireba zai nuna tana ƙarƙashin murfin sama.

A tsofaffin injuna irin F6A na Suzuki masu kamshaf ɗaya, ana saita gibin da sukuru da noti. A K6A da ya biyo bayansa babu sukurun, sai an canza wasu ƙananan faifan ƙarfe masu kauri daban-daban. Duk wanda ya ce zai ɗaure tafet ɗin K6A da sifana bai san injin da ke gabansa ba.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi tsada. Mai mota yana son shiru, sai bakanike ya ɗaure gibin har ƙarar ta ɗauke, a biya shi, kowa ya tafi yana murna. Amma bawul ba ya huce zafinsa sai ya zauna daram a mazauninsa. Idan gibin ya rufe, ba zai zauna sosai ba, wuta za ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye shi. Bayan 'yan makonni sai mota ta fara rawa a sulo, ƙarfi ya tafi, a ce sai an sauke tof silinda. Bawul mai 'yar ƙara ya fi bawul mai shiru lafiya. Ana yin seti ne da ma'aunin gibi, siraran ƙarafan nan masu lamba, bisa awon da kamfani ya bayar da yanayin zafin injin da ya ambata. Ba a yin sa da kunne.

A motocin da ke da injekta maimakon kafireto, akwai wata ƙas-ƙas mai kaifi da sauri wadda ta nozul ce, tana buɗewa tana rufewa. Aikinta ke nan. Idan aka ɗora sukundireba a kan kowace nozul aka ji duk suna bugawa iri ɗaya, babu abin gyara. Haka nan gwangwanin kare zafi da ya saki a jikin salansa, ko fanbel da ya fara zarewa yana dukan ƙarfe, duk suna iya tayar da hankali ba tare da wani babban ciwo ba.

Ƙarar da ke cutar da direba kafin ta cutar da mota

Akwai ƙarar da ke kama da ta tafet amma da ɗan huci a cikinta, fat-fat-fat, tana da ƙarfi da safe, tana raguwa idan inji ya ɗumama. Yawanci hayaƙi ne ke tsira ta inda bututun salansa ya haɗu da inji, ko dai gasket ya ƙone, ko noti ya karye, ko ƙarfen ya tsage. Idan ya yi zafi sai ya kumbura ya toshe kafar, shi ya sa ƙarar take lafawa. Shaidarta baƙin toka ne a gefen wurin. Fulogi da ya saki ma yana yin irin wannan.

Injin zai iya daɗewa a haka. Matsalar ita ce yana ƙarƙashin kujera, kuma a motar da aka sha kwancewa da haɗawa, robar da ke rufe bakin kujerar takan lalace. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kawo ciwon kai da jiri da barci. A lokacin hunturu, da ake rufe gilashi ruf, direban da ke fama da ciwon kai kullum bayan doguwar tafiya ya duba salansarsa kafin ya ɗora laifin a kan gajiya.

Ƙarar da ke cewa a rage gudu, a nemi gareji

Idan ƙarar ba ta zuwa sai an yi lodi, ana hawan tudu da babbar giya, kuma tana kama da tsakuwa a cikin gwangwani, fetur ne ke fashewa a silinda ba bisa tsari ba, maimakon ya ci a hankali daga tartsatsin fulogi. Abin da ke kawo shi ya haɗa da gurɓataccen fetur, da taimin da aka matsar gaba fiye da kima, da inji mai zafi saboda lagireto ya toshe da dattin ruwan rijiya. Maganin gaggawa shi ne a sauko da giya, a sassauta ƙafa. Idan aka bar shi ya daɗe, yana fasa ringi, yana iya huda kan fistin.

Sai ƙarar taimin, daga gaban inji. F6A da injunan EF na Daihatsu bel suke amfani da shi, K6A da KF kuma kaca. Kaca idan ta saki takan yi kacau-kacau na 'yan daƙiƙu da an tayar da mota. Bel ba ya yawan gargaɗi, sai dai ƙarar boris ɗin da ke danne shi. A Japan ana canza shi a kilomita 100,000, amma motar da ta ratso teku ta wuce hannu da yawa, lambar da ke kan mitarta ba abin dogaro ba ce. A injuna da dama, idan bel ya tsinke ana cikin tafiya fistin yakan daki bawul ya lanƙwasa shi. Wanda ya sayi kurkura bai ga shaidar canjin bel ba, ya ɗauka ba a canza ba.

Ƙarar da ke cewa a kashe mota nan take

Baƙin mai yana tashi daga kasko ne ta famfo, kuma saman inji shi ne wuri na ƙarshe da yake isa. Saboda haka idan man ya yi ƙasa, ko rariyar famfo ta toshe da daskararren datti, sama ne ke fara kuka. Ƙas-ƙas ta daƙiƙa biyu ko uku da safe ba abin tsoro ba ce. Wadda ta ƙi ɗaukewa, ko ta zo tare da ƙiftawar jar fitila idan inji ya yi zafi yana sulo, ita ce abin tsoro. Fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ya faɗi ƙasa ƙwarai. Lokacin da ta kama, ɓarna ta riga ta fara.

Mataki na gaba shi ne metal, wato siraran ƙarafan da ke tsakanin karanshaf da sandar fistin. A inji mai lafiya ba sa taɓa juna, mai ne ke tsakani. Idan man ya gaza sai su fara cin juna, a ji ƙwal-ƙwal mai nauyi daga ƙasa, tana ƙaruwa idan inji ya yi zafi ko an ɗan taka totur an saki. Bakanike yakan tabbatar ta hanyar kashe silinda ɗaya bayan ɗaya, ya cire wayar nozul ko ta fulogi. Idan ƙarar ta ragu a kan wata silinda, ita ce mai ciwon. Idan aka juye man a faranti aka kai rana aka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, magana ta ƙare.

Wanda ya kashe mota a wannan mataki zai iya tsira da canjin metal, wataƙila da gyaran karanshaf. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya kai kayan Dawanau tukuna, yana iya ƙarewa da sanda ta fasa jikin inji, sai neman wani injin a Kofar Ruwa. Kuɗin janwe da na sauke kaya zuwa wata mota ba su kai kusa da wannan ba.

Kaurin mai ba magani ba ne

Dabarar da ta fi yawa ita ce a zuba mai mai kauri sosai, ko wani ruwan gwangwani mai yauƙi, ƙarar ta lafa. Lafawar gaskiya ce, domin kaurin yana cike gibin da lalacewa ta buɗe. Amma gibin yana nan, kuma mai mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da inji ya fi bukatarsa. Waɗannan injuna an ƙera su ne da ƙananan hanyoyin mai, kuma kamfanoninsu sun fi ambaton mai marar kauri irin 5W-30 da 10W-30.

Mai sayen mota ya kula da wannan. Ya je da safe, ya taɓa injin ya ji da sanyi, sannan a tayar a gabansa. Ya zaro sandar awon mai ya murza a yatsa, ya buɗe murfin zuba mai ya leƙa ko akwai baƙin datti da ya daskare. Motar da aka riga aka ɗumama kafin mai saye ya iso ta ɓoye rabin labarinta.

Inda maganar ta taɓa gwamnati

Ba halin direba kaɗai ne ke kashe waɗannan injuna ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ga kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a 2024. Kayan gyaran kurkura daga waje suke zuwa, haka ma yawancin ɗanyen man da ake haɗa baƙin mai da shi.

Direban da kuɗin fetur ya cinye ribarsa hanyoyi kaɗan suka rage masa. Zai ƙara buhu a kan lodi, zai jinkirta juye, zai sayi man da ake aunawa a kwalba a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba. Kowanne daga cikinsu hanya ce zuwa ƙarar metal.

Akwai hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin abin da ake zubawa a inji. SON ce ke da alhakin ingancin kaya. NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke sa ido kan fetur da baƙin mai daga haɗawa zuwa sayarwa. FCCPC ce ke karɓar ƙorafin mai saye. A watan Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa, ƙasar ta shiga dogon layin mai. Wannan ya fito fili ne domin ya taɓa manyan birane. Galan ɗin jabun baƙin mai da ya kashe injin wani saurayi a Garo ko Mainika ba ya shiga labarai, kuma mai motar ba shi da rasit ɗin da zai kai ƙara da shi.

Haka batun kayan aiki. Ma'aunin gibi, agogon auna ƙarfin mai da na auna matsin silinda, su uku ne ke raba sani da zato a wannan sana'a, kuma ba su kai kuɗin inji ɗaya ba. Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma yankin ya fitar da manyan masu riƙe da muƙamai, ciki har da Sanata Barau Jibrin na Kabo, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023. Duk lokacin da 'yan siyasa na kowace jam'iyya suka zo da rabon kayan sana'a, matasan yankin suna da damar tambaya ko an ware wani abu don horar da makanikai da ba su waɗannan ma'aunai, ta hannun ƙungiyarsu ta NATA ko makarantun koyon sana'a. Raba mota abu ne mai kyau a hoto, amma ba ta daɗewa idan babu wanda zai iya auna ciwonta a garin.

Abin da ke hannun direba

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. A duba sandar mai kowace safiya a wuri mai daidai, kafin a tayar. A riƙa juye da wuri tare da canza filta, domin lodi da ƙura suna gajiyar da mai kafin lokacinsa. A sayi mai a rufe, a karɓi rasit. A kakkaɓe filtar iska a lokacin hunturu, kada a cire ta don mota ta ƙara numfashi, domin ƙurar da ta shiga silinda yashi ce. Idan sabuwar ƙara ta fito, a ɗauke ta a waya da safe da kuma bayan inji ya yi zafi, saboda sau da yawa takan ɗauke daidai lokacin da aka isa gareji.

A gareji kuma, mai mota yana da haƙƙin ya tambayi bakanike daga ina ƙarar take, da me ya auna, kuma me ya gani. Wanda ya san aikinsa zai miƙa masa sukundireba ya ce ya saurara da kansa. Idan amsar farko ita ce sai an sauke inji, ba a auna ƙarfin mai ba, ba a buɗe murfin sama ba, to a ja motar zuwa wani garejin a sake ji.